Mun Ware Masa Kwano, Mun Toshe Taga

A gidanmu na Janfalan akwai wani tsohon kwanon sha mai ɗigon jan fenti a gindi. Ni na ɗiga fentin nan da tsinken tsintsiya, cikin hunturun 1994, ina ɗan shekara 14. Inna ce ta sa ni. Ta ce a yi wa kwanon Baffa shaida, kada yara su ɗauka su sha ruwa da shi. Daga ranar aka ware masa kwano, aka ware masa cokali da moɗa, har buta aka sayo masa sabuwa. In ya rage tuwo ba mai taɓawa, sai a zuba wa kaji. Mu a ganinmu mun gama dabara.

Da dare kuwa, ni da ƙannena biyu a ɗakinsa muke kwana, don in ya nemi ruwa ko tari ya sarƙe shi a sami mai tashi. Ɗakin ƙasa ne, mai 'yar taga guda ɗaya wadda ba ta fi faifai girma ba. Tun shigowar sanyi aka cusa mata tsohon buhu, aka bi da tsumma. Ƙofa a ja ta, a saki asabari, a girke kaskon wuta a tsakar ɗaki. Inna takan leƙo kafin ta kwanta ta tabbatar babu inda iska ke shigowa, don a saninmu iska ce ke tayar masa da ciwon. Da hantsi kuma a kawo masa ɗan autansa, jinjiri ɗan wata bakwai, ya ɗora shi a ƙirji yana masa wasa, in tarin ya taso ya kau da kai gefe. Kwano dai ba mu taɓa haɗawa da shi ba. Numfashi kuwa mun haɗa, wata da watanni.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni. Da damina manomi ne kamar kowa. In rani ya yi sai ya nufi wajen Makarfi da Kudan, inda rake ya fi yawa, ya kama aikin mazarƙwaila. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin dahuwar nan ya san yadda take: inji na matse rake, ruwan na gangarowa, ga manyan kwanoni bisa wuta ana iza musu busasshen ɓawon raken, hayaƙi da tururi mai zaƙi sun turnuƙe ko'ina. Saboda haka da tari ya kama shi a farkon shekarar, ba wanda ya yi dogon tunani. Hayaƙi ne. Aka gama aikin rake tari bai tafi ba, aka ce ƙura ce. Ruwa ya sauka, aka ce sanyin fadama ne ya shige shi. Kowane yanayi ya zo, sai mu ba tarin sabon suna. Shi kuwa yana nan yana aikinsa: zazzaɓi da la'asar, zufa cikin dare har tabarma ta jiƙe ko da ana tsananin sanyi, abinci ya fita daga ransa, mazagin wandonsa kullum ana ƙara masa ƙulli.

Ni ne ɗan aike. Nakan hau keke in je kemis, in kwatanta ciwon Baffa yadda na iya, a ba ni kwalbar maganin tari da 'yan kafso a ƙulle a takarda. Mai kemis ɗin bai taɓa ganin Baffa ba, bai kuma taɓa tambayata tun yaushe ake tarin ba. Ni ma ban san tambaya ce da ya kamata a yi ba. Wata rana ina share ɗaki na jawo kwalabe daga ƙarƙashin gado, na ƙirga goma sha ɗaya. Har na yi murna, don ana sayen kwalba.

Ranar da aka fara ganin jini a kakinsa, zance ya sauya. Aka tuno wata jayayyar iyakar gona da aka yi shekara biyu baya, aka ce ai ga inda aka jefe shi. Aka shiga karɓo sassaƙe da rubutu da turare. Turaren nan shi ne ya fi tsaya mini a rai: a zuba a kasko, a rufe ƙofa ruf, a lulluɓe mai ciwon huhu da bargo ya shaƙi hayaƙi har ya galabaita.

Sunan ciwon na gaskiya kuwa, kowa a gidan ya san shi a zuciya, shi ya sa ma aka ware kwano, amma ba mai furtawa. Tarin fuka a wancan lokaci abin kunya ne. An ɗauke shi ciwon gado, wanda in ya shiga gida ya shiga zuri'a. Wani malamin firamare, maƙwabcinmu, ya shigo dubiya wata yamma. Ya zauna ya saurari tarin, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, wannan tarin ya wuce na kemis. Da za ka yarda, da an kai ka Saye an duba kakin nan."

Baffa ya ɗago hannuwansa biyu ya baje yatsu. "Saye? Malam, dubi nan. Ka ga wanda ya gutsure?"

"Ba kuturta kaɗai suke dubawa ba yanzu."

"Ina da 'yan mata biyu a gabana. Ranar da aka ce an gan ni a Saye, wa zai aiko neman aurensu?"

Malamin ya yi masa fatan sauƙi ya tashi. Saye, a gefen Zariya, wurin jinyar kutare ne tun zamanin Turawa, kuma da wannan sunan mutanenmu suka san shi. Ba mu da labarin cewa tun 1991 wurin ya zama cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta, wato inda ake koya wa mutanen Najeriya duka yadda ake gano irin ciwon da ke cin Baffa. Ilimin yana nan a ƙasar Zazzau, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Tsoron bakin mutane ya mayar da ita tafiyar shekara.

Sai da ya kasa zuwa masallaci da ƙafarsa aka ɗauke shi zuwa wani asibiti a birni. Aka yi hoton ƙirji, aka rubuta allura da ƙwayoyi, aka ce a je a saya. Ba wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana tsawon lokacin da za a sha. Aka sayar da buhunan masara, aka sayi na mako biyar. Ikon Allah, kafin maganin ya ƙare Baffa ya miƙe. Zazzaɓi ya tafi, ya fara neman ƙarin tuwo, har ya zagaya gona. Muka ce alhamdulillahi, an rabu da ƙaya. Kuɗi sun ƙare, mai ciwo ya ji sauƙi, wa zai sake sayar da hatsi ana fuskantar damina? Bayan wata uku tarin ya dawo, ya fi na da. Gero na fitar da kai a daminar 1995 Baffa ya cika. Allah Ya jiƙansa.

Kwana ya ƙare, wannan babu musu. Amma malamanmu kullum suna faɗa mana neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma abin da na gano daga baya ya daɗe yana hana ni barci. Tarin fuka ba ya bin kwano. Ba ya bin cokali ko buta ko musabaha. Iska yake bi. Mai ciwon in ya yi tari, ko atishawa, ko ma magana, ƙwayoyin cutar na fitowa cikin 'yan ɗigon da ido ba ya gani, su yi ta shawagi a ɗaki na sa'o'i. Iska mai ratsa ɗaki tana kwashe su, hasken rana yana kashe su. Wato abu ɗaya da zai kare mu a ɗakin nan shi ne 'yar tagar da muka toshe da hannunmu. (Akwai wani nau'in na shanu da ake iya ɗauka ta madarar da ba a tafasa ba, amma wannan zancen tafasa madara ne, ba na ware kwano ba.)

Su ma masu cewa ciwon gado ne, idonsu ya ga daidai, fassarar ce ta kuskure. Gaskiya ne ciwon yakan kama uba, bayan shekaru ya kama ɗa. Dalili shi ne ƙwayar tana iya shiga jiki ta kwanta shiru. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ta, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai take tasar wa a tsawon rayuwa, galibi in jiki ya yi rauni saboda yunwa, ko ƙanjamau, ko ciwon suga, ko shan taba. Ba gadon jini ba ne, gadon kwana ne.

Abin da ya fi ciwo, maganin ya girme ni. Tun ranar 24 ga Maris, 1882, wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya bayyana ƙwayar cutar a birnin Balin, shi ya sa ake tunawa da ciwon a wannan rana kowace shekara. Allurar istireftomaisin ta fito a shekarun 1940, isoniyazid a 1952, rifamfisin a shekarun 1960. A ƙarshen shekarun 1950 wani bincike a birnin Madras na Indiya ya nuna talaka na iya warkewa a ɗakinsa kamar yadda zai warke a gadon asibiti, muddin yana shan magani. Daga baya wani likita mai suna Karel Styblo ya gwada a Tanzaniya cewa ƙasa matalauciya ma na iya warkar da mafi yawan masu ciwon, in an duba kaki, an rubuta sunan kowa a rajista, magani bai yanke ba, kuma akwai mai tsayawa ya ga an haɗiye. Wannan tsari ne aka sa wa suna DOTS. A 1993, shekara ɗaya kafin in ɗiga fenti a kwano, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin bala'in gaggawa na duniya. Duk wannan ana yi, mu muna ƙirga kwalabe.

Ba mu kaɗai ba ne, kuma ba a 1994 abin ya tsaya ba. Shekara da shekaru Najeriya na gano masu ciwon wajen 100,000 a shekara, ana ganin kamar ana ƙoƙari. Sai a 2012 aka yi binciken farko na ƙasa baki ɗaya, aka bi mutane har garuruwansu ana duba su, sakamako ya nuna ciwon ya ninka abin da ake zato. Ko a 2019, da aka gano kimanin 120,000, kusan uku cikin kowane huɗu na masu ciwon ba su shiga rajistar kowa ba. Suna ina? Suna ɗakuna irin na Baffa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma babbar matsalarta ba warkar da wanda aka gano ba ce. Gano shi ne aikin.

Tsohuwar hanyar ganowa tana da nata laifin. A shafa kaki a gilashi, a rina, a duba a madubin likita, a nemi 'yan jajayen sanduna. Sai ƙwayoyin sun kai dubbai a ɗan kakin kafin ido ya gan su, don haka mai sabon ciwo, da yaro, da mai ƙanjamau, sau da yawa a ce musu babu komai. Ga kuma zirga-zirga: ka zo yau, ka dawo gobe da kakin asuba, ka sake dawowa karɓar sakamako. Mutumin ƙauye mai ciwon ƙirji, kuɗin mota sau uku, ai an sallame shi ke nan ba tare da an ce ya tafi ba. A ƙarshen 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata na'ura mai suna GeneXpert, wadda ke neman ƙwayar halittar cutar kanta, ta ba da amsa cikin kamar sa'a biyu, ta kuma faɗi ko cutar ta bijire wa rifamfisin. A 2016 Najeriya ta mayar da ita gwajin farko ga duk wanda ake zargi. Amma ni a wurina, dabarar da ta fi na'urar amfani ga ƙauye ita ce wadda ba ta da wani kwarjini: a bar mara lafiya a gida, kakinsa ya yi tafiyar.

Na ga wannan da idona a 2022. Auta, jinjirin nan na ƙirjin Baffa, ya zama magidanci ɗan shekara 28, yana zuwa ci-rani Legas, inda su takwas ke kwana a ɗaki ɗaya. Ya dawo gab da damina a rame. Inna ta sa aka kira ni a waya, muryarta na rawa. "Ka zo. Tarin babansa ne ya dawo." Da na isa gida, abin da na fara gani a ƙofar ɗakin Auta shi ne kwanon nan mai jan fenti. Shekara 27 tana ajiye da shi.

Ko tsohuwar ƙwayar ɗakin Baffa ce ta farka, ko sabuwa ya kwaso a ɗakin Legas, duk ɗaya ne wajen magani. Abin da ya bambanta shi ne mutumin farko da ya tarar. Auta ma kemis ya fara zuwa, kamar kowa. Ya sha kwalba biyu. Da ya koma sayen ta uku, yaron kemis ɗin, wanda aka taɓa kira wani taron horarwa, ya tambaye shi, "Yaya, tun yaushe kake tarin nan?" Ya ce ya fi wata. Yaron ya mayar da kwalbar kan kanta, ya ce, "Wallahi in na sayar maka na cuce ka. Tarin da ya kai mako biyu, kaki ake dubawa, kuma kyauta ne." Ya rubuta masa 'yar takarda zuwa ƙaramin asibiti. Yaron nan ya yi asarar cinikin kwalba ɗaya. Na daɗe ina auna wannan kwalba da goma sha ɗayan da na share daga ƙarƙashin gado.

Masu ilimi sun saba zagin masu kemis, ni ma na yi. Amma ko an so ko an ƙi, nan talaka ke fara zuwa, don shi ne a kusa, shi ke buɗe da dare, shi ke ba da bashi. Shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ya yi hankali da ya daina yi musu kallon abokan gaba, ya jawo su suna turo masu tari. Da za a ƙara da masu maganin gargajiya da limamai da ungozomomi a kowace gunduma, da an rage jinkirin gano ciwon.

A asibitin aka ba shi 'yar roba mai murfi, aka ce ya fita fili, ya ja numfashi sosai, ya tofo daga can cikin ƙirji, ba yawu ba. Aka rubuta lamba, aka sa a akwatin sanyi, mai babur ya ɗauka tare da na wasu zuwa inda na'urar take. Kwana uku aka kira: akwai ciwon, amma irin mai jin magani ne. Aka ɗora shi a sikeli, kilo 48, aka ce ƙwaya uku kowace safiya kafin ya ci komai. Kowace ƙwaya magani huɗu ne a haɗe, na wata biyu. Daga nan a koma mai magani biyu, na wata huɗu. Aka yi masa gwajin ƙanjamau, kamar yadda ake yi wa duk mai tarin fuka. Aka buɗe masa kati. Ma'aikaciyar asibitin ta kuma faɗa masa abin da ba a faɗa mana ba a 1995, ta maimaita har sau uku: wata shida ne, ko ka ji ka warke. Ta ƙara da cewa fitsarinsa zai koma ja, kada ya tsorata, aikin rifamfisin ne. Da ba ta faɗa ba, na tabbata a kwana na biyu za a ce jini yake fitsarwa, a watsar da maganin a koma turare.

Aka ce a kawo wanda zai riƙa tsayawa a kansa. Inna ta ce ita ce. Ba ta karatun boko, katin bai dame ta ba. Ta samo gwangwanin madara, kullum bayan sallar asuba ta miƙa masa ƙwayoyi da ruwa, ta tsaya sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa, sannan ta jefa ƙwayar masara ɗaya a gwangwanin. Ƙarar faɗuwar masarar nan ita ce rajistarta.

Rigima ta tashi ne ranar da ma'aikaciyar ta zo gida ta ce za ta duba duk wanda ke kwana a gidan. Inna ta ɗaure fuska. "'Yar nan, tonon asiri kika zo yi mana? Mun ware masa kwanonsa, me ya rage?" Matar ta durƙusa ta gaishe ta da kyau, ta ɗauki kwanon ta juya shi, ta ce, "Inna, ki ci abinci da shi a kwano ɗaya in kin so, ba abin da zai same ki. Wancan buhun nake so a cire." Ta nuna taga. Ta ce in ya yi mako biyu zuwa uku yana shan magani daidai, da wuya ya harbi wani, amma waɗanda suka kwana da shi kafin nan sai an duba su. 'Yarsa mai shekara uku ba ta iya tofar da kaki, sai aka karɓi bayan gidanta, don yara kan haɗiye kakin, kuma yanzu na'urar na iya ganowa ta nan. Ba a sami ciwon ba, amma aka ɗora ta a kan maganin kariya na wata uku. Allurar BCG da aka yi mata tana jaririya, mai barin tabo a dantse, tana kare yara daga munanan nau'o'in ciwon, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba ta isa a dogara da ita kaɗai ba. Ina tsaye ina kallo, ina tuna mu uku da muka kwana wata da watanni a ɗakin Baffa ba wanda ya ko tambayi sunanmu.

Cikin wata na biyu Auta ya murmure. Kumatu suka dawo, tari ya ɗauke, ya fara cin tuwo kamar mai ramuwar bashi. Wata rana da daddare ya same ni a zaure. "Yaya, ni fa na warke. Zan koma Legas."

Na ce masa nan ne daidai inda muka yi asarar Baffa. Makonnin farko maganin na kashe ƙwayoyin da ke hayayyafa da sauri, shi ya sa jiki ke yin daɗi. Akwai wasu da ke laɓe, masu jinkirin motsi, su ne ake bi da sauran watannin. Wanda ya tsaya a nan ya kashe maciji bai sare kai ba. In kuma ana sha ana bari, waɗanda suka tsira sukan zama masu taurin kai, su daina jin maganin. Irin wannan tarin, a da sai an yi kusan shekara biyu ana jinya, da allurai na watanni waɗanda suka kurmantar da mutane da dama. Sai a 2022 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata shida ba allura. Masu irinsa daga yankinmu, Saye ɗin nan dai da Baffa ya guda tana cikin wuraren da ke karɓar su.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na ji, Yaya. Magani kyauta ne. Tuwon fa? Maganin nan yunwa yake sa ni, ga iyali, ga taki ban saya ba."

Ban sami amsa ba, don gaskiya ya faɗa. Muna yawan shelar cewa gwaji kyauta ne, magani kyauta ne, sai ka ce da an faɗi haka an gama. Wani bincike da aka yi a Najeriya a 2017 ya nuna kimanin kashi 71 cikin 100 na gidajen masu tarin fuka ciwon kan ci musu fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara: kuɗin mota, kuɗin da aka zubar a kemis kafin a gano, abinci, da aikin da aka daina. Majinyacin da ya gudu a wata na biyu ba lallai jahili ba ne. Sau da yawa lissafi ya yi. Mu dai a gidanmu taron dangi muka yi: ni na ɗauki taki, wani ya ɗauki hatsi, surukinsa ya riƙa aiko da wake da ƙwai. Da an nemi katinsa a mayar da shi wani asibiti a Legas, hakan ma mai yiwuwa ne, amma Inna ta ce ba inda za shi sai gwangwani ya cika. Gidan da ba shi da dangin da za su yi wannan fa?

A 'yan shekarun nan an samu ci gaba na gaske. Waɗanda aka gano a ƙasar sun haura 200,000 a 2021, suka wuce 285,000 a 2022. Ba ciwon ne ya ƙaru haka ba, nema ne aka fita yi: a ƙofar asibiti ana tambayar duk wanda ya shigo ko yana tari, ana zuwa kasuwanni da gidajen yari da na'urar hoton ƙirji ta tafi-da-gidanka wadda kwamfuta ke karantawa, ga lambar waya ta kyauta, 3340, ga mai neman inda zai je. Sai dai akwai abin da ke damuna. Na'urar GeneXpert na son wuta da ɗaki mai sanyi, abubuwa biyu da ba mu da su a yalwace, kuma kowane gwaji da kwanson da yake ci, daga waje ake sayo shi. Mafi yawan kuɗin aikin nan na masu ba da agaji ne, musamman Asusun Duniya da gwamnatin Amurka. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙetare, kowa ya ga irin rumfar da muka fake a ciki. Ban ce ƙaramar hukumar Ikara ko Makarfi ko Kudan ta ƙera na'ura ba. Amma man babur ɗin da ke ɗaukar kaki, da alawus ɗin mai bin gida-gida, da mudun wake ga majinyaci, waɗannan ba su fi ƙarfinsu ba. Ma'aikata ma ba sai an je nesa ba, makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta daɗe tana yaye 'ya'yanmu.

Auta ya cika wata shida. Aka sake duba kaki, babu komai, aka rufe katinsa. Inna ta juye masarar gwangwanin ta ba kaji, a cikin kwanon nan mai jan fenti, wanda yanzu ya zama nasu.

Hunturun da ya wuce na je gida. Na leƙa ɗakin da yara ke kwana, su biyar, ɗaya na ɗan tari irin na sanyi. Tagar an ƙara mata faɗi tun lokacin jinyar Auta, har an sa mata waya saboda sauro. Amma ga buhu nan an sake cusawa, an bi da tsumma. Na sa hannu na zare shi. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi tagar, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ci gaba da kaɗa rariyarta.

"To," in ji ta, "sai ka sayo musu barguna."